Shekarar da Muka Raba Kaji da Lemo

Ni fa na tsufa. Kada ku duba cewa har yanzu ina sakandare, ana kuma aikena sayen gishiri. Ranar da na tabbatar da tsufana ita ce ranar da autan gidanmu ya tsaya yana kallon Mamata tana ɓamɓare fukafukan kaza masu ƙanƙara da aka sayo a shago, ya tambaye ta wai kaza tana da kai kuwa, ko haka ake haihuwarta gunduwa-gunduwa. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi har na ƙware. Amma da na koma ɗaki sai na ji bayana yana ciwo irin na tsofaffi, domin yaron nan a gidan da aka haife ni aka haife shi, gidan da a zamanina mutum ba ya taka ƙasa sai ya nemi izinin kaza.

A zamanina, wato kafin a shafe tsakar gidanmu na Salaga da siminti, ba zakara ne yake tashe mu ba. Zakaranmu malalaci ne, sai ya ji na maƙwabta sun yi cara sannan ya maimaita. Abin da yake tashe mu shi ne ƙarar wuƙar Kaka a kan dutse, shuu, shuu, tana wasa ta. Kaka mahaifiyar Babana ce, sana'arta sayar da lemo a tasha, wuƙar kuwa ta sha wasa har ta koma kamar tsinken tsintsiya. Idan sanyi ya shigo, manyan motocin da suka kai doya Kudu sukan dawo da lemo, sai Kaka ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida da kwando a gefenta, ta riƙa juya lemon a hannu ɗaya, wuƙar tana binsa, koren ɓawon yana saukowa siriri, a nannaɗe, ba ya tsinkewa har sai lemon ya fito fari tas. Na taɓa rantse wa 'yan ajinmu cewa idan aka ƙulla ɓawon da Kaka take ferewa a wuni ɗaya zai kai Tamale ya dawo, har yau kuma ban janye ba. Ɓawon a igiyar shanya ake rataye shi ya bushe, da magariba a zuba shi a garwashi ya kori sauro. Shi ya sa duk wanda ya tashi a gidanmu kayansa ƙanshin lemo suke yi, har malamin allonmu yakan gane mun iso tun kafin mu yi sallama.

Kajin Kaka ba irin na kowa ba ne. Fingi ne, masu gashi a birkice, kowace gashinta ya juya baya ya miƙe sama kamar wadda aka tasa daga barci aka ce mata gobara. Munana ne, ba zan ɓoye ba. Baƙo idan ya shigo yakan tambaya ko ba su da lafiya, Kaka ta ce masa lafiyarsu ƙalau, kwalliya ce bai gane ba. Amma wajen kwanci da kiwon 'ya'ya babu kamarsu, shirwa ma tana jin tsoronsu. A gidanmu kuma, kowace 'ya mace idan ta fara iya shara, Kaka takan kama budurwar kaza ta ɗora mata a hannu ta ce, taki ce, ke da ita har gidan miji. Tawa baƙa ce mai ɗigon fari a wuya, na sa mata suna Magajiya saboda ba ta tafiya, sai dai ta yi rangadi. Ta taɓa korar tunkiya daga kan kwanon dusa. Ta taɓa tsare Baba Ƙarami, ƙanin Babana, a bakin banɗaki har sai da ya kira ni na roƙe ta. Idan ina ba da labarinta a makaranta nakan ƙara gishiri, amma ba da yawa ba, ba ta bukata.

Aikina na yamma shi ne daro. Masu shan lemo a tasha sukan tsotse ruwan ta bakin da Kaka ta yanke musu, su jefa tsotsattsen a wani tsohon daro da ke ƙarƙashin tebur ɗinta, ita kuma ta dawo da shi gida bayan la'asar. Sai in zauna in riƙa yage kowane ɗaya gida biyu ina juya cikinsa waje ina jefawa, kaji suna tsalle suna cafewa. Tsokar ciki suke tsattsagewa, su bar fatar nan fara a ƙasa kamar hular jarirai, ni kuma in share. Ba lemo kaɗai ba, duk 'ya'yan itacen da suka shigo gidan sai sun bi ta gaban Kaka ta yanke hukunci. Ɓawon kankana a ba su, su rarake shi har ya zama takarda. Gwanda a ba su har 'ya'yan. Mangwaro idan ya sauka ba a ma tambaya, bakunansu rawaya suke kwana. Ayabar da ta yi laushi a ba su. Amma paya, wannan mai ƙaton ƙwallo da ake kawowa daga Kudu, ko ɓawonta ba a yarda ya taɓa ƙasa ba, Kaka ta ce ta ga abin da ta yi wa kajin wata mata a Kumasi, ba ta kuma son ta sake gani. Duk abin da ya yi fumfuna kuwa, ko da tuffar Makka ce, rami ake haƙa masa a bayan gida. Idan na yi ƙiwar haƙa ramin na ce ai kaza ba ta san ruɓaɓɓe ba, sai ta ce, “Rediyo, ke kin san ruɓaɓɓe, amma jiya wa ya ci tuwon da ya kwana biyu?” Rediyo take kirana, wai ba a kashe ni sai dai batir ya ƙare.

Yanzu a gidan nan ɓawon kankana leda ake ƙulle shi a ciki, a kai bola, a biya mai kwasa. Kwanan baya na ga Mamata tana tsaye da ɓawon gwanda a hannu tana waige-waige a tsakar gida, ta manta, sai da ta daɗe sannan ta tuna babu mai karɓa.

To, kajin nan suna da gidaje uku, kuma sai an gane wannan za a gane abin da ya same mu. Asalinsu daga Bawku suke, daga gidan da aka haifi Kaka, inda ƙanwarta take zaune har yanzu, muna ce mata Kaka Ƙarama. Da aka kawo Kaka aure Salaga, da kaza biyu a kwando ta zo. Da Gwaggo Adiza, yayar Babana, ta yi aure a Yendi, ita ma da tata ta tafi. Duk shekara idan sanyi ya shigo akwai mutuwar kaji, kowa ya san da ita, Kaka tana ce mata iska. Wata shekara ta ɗauki kaɗan, wata shekara ta share gida ƙaƙaf. Amma ba ta taɓa share gidaje ukun a shekara ɗaya ba. Idan ta share Yendi, sai Gwaggo ta jira har ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, wani mai zuwa biki ko suna ya kai mata iri daga Salaga. Idan ta share Salaga, a ɗauko daga Bawku. Ba wani ne ya zauna ya tsara haka ba, hanya ce ta tsara. A lokacin su Kaka babu waya, kafin labarin mutuwar kaji ya isa wancan gari, a sami mai tafiya, a sami mota, mutuwar ta gama abin da za ta yi ta wuce. Haka aka yi ta yi a dangi tun kakar Kaka, gida ɗaya yana ɗaga ɗaya, kamar yadda mata suke ɗora wa juna tulu a bakin rijiya.

A shekarar da nake ba ku labari, ina ajin ƙarshe na firamare, iskar ta zo da wuri. Da safe muka ga wata jar kaza ta tsaya a gindin bango ta saki fukafukai har ƙasa, kamar dattijon da ya sa babbar rigar da ta fi shi, idonta a lumshe, tana buɗe baki tana neman numfashi. Kashinta kore. Kafin azahar wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Kaka ta jiƙa ɓawon maɗaci da barkono a ruwan shansu kamar yadda ta saba, amma washegari biyu suka bi ta, sannan wasu. Da yamma ina zaune da darona ina yage lemo, sai ga Baba Ƙarami ya shigo da babur ɗinsa, ya tsaya a kaina yana kallon abin da nake yi kamar ya kama ni ina zuba guba a rijiya. Shi ne autan Kaka, gyaran babura yake yi, ba ya kuma rabuwa da waya ko a kan tabarmar cin tuwo.

“Rediyo, dakata. Mma, lemon nan ne fa.”

Kaka tana ɗaure ɓawo a igiya, ba ta ko juyo ba. “Wane lemo?”

“Wanda ake zuba musu. Ga shi nan a waya, wani mai gonar kaji ya yi bayani, ya ce tsamin ƙone musu hanji yake yi.”

“Auta, tun ba a haife ka ba nake ba su lemo.”

“To tun ba a haife ni ba, ba sa mutuwa?”

“Iska ce.”

“Na ji, iska ce. Da damina tana zuwa?”

“A'a.”

“Lokacin mangwaro fa? Lokacin kankana?”

Kaka ta ɗauki wani ɓawon.

“Sai lemo ya sauka, Mma. Duk shekara sai lemo ya sauka. Ke da kanki ki lissafa.”

Na buɗe baki na ce ai Magajiya ta fi kowa shan lemo, ga ta nan kuma kamar jakar siminti. Ya ce in rufe masa baki, masu shan taba ma akwai masu ƙiba. Na so in ba shi amsa, ina da ita a shirye, amma sai na dubi Kaka na ga hannunta ya tsaya a kan igiya. Ban taɓa ganin wani ya kayar da Kaka a magana ba, ko mai karɓar harajin tasha. Abin da ya kayar da ita kuwa, wanda ni na sani Baba Ƙarami bai sani ba, shi ne a shekarar lemo ba ya tafiya. Mutanen tasha sun koma shan abin zaƙi mai sanyi na cikin roba, rabin tiren Kaka dawowa yake yi, mu kuma maimakon tsotsattse sai muka riƙa yanka musu lemo sukutum da ruwansa. Ba su taɓa sha da yawa irin na wannan shekarar ba, ba su kuma taɓa fara mutuwa da wuri haka ba. Kaka ta lissafa, kamar yadda aka ce ta yi, lissafin kuma ya faɗo a kanta.

Daga ranar aka hana daro shigowa gida. Amma gaya wa kaza ta daina lemo a Salaga lokacin sanyi, kamar a gaya wa kifi ya daina jiƙa ne. Kowane lungu na zango cike yake da tsotsattsen lemo, kajinmu kuma sun san shi, sun fi masu sayarwa sanin inda yake. Na wuni ina bin su da sanda ina ƙwace musu, suna zagaye ni suna komawa. Mutuwar ba ta tsaya ba. Sai Baba Ƙarami ya zo da shawarar da kowa ya ce ta hankali ce, har Babana da aka kira shi a waya yana kan hanyar kai doya: a kwashe masu lafiyar a raba su da lemo. Gwaggo ba ta sayar da lemo, gidanta kuma a bayan gari yake. Bawku kuwa ta yi wa Kudu nisa, kafin lemo ya kai can ya yi tsada, ba mai jefar da shi. Yana da aboki direban bas da ke zuwa Yendi, yana da wani mai motar shanu da zai koma Bawku wayam. Waya biyu ya buga, kafin a kira la'asar an gama magana.

Kaka da kanta ta zaɓa. Ta riƙa ɗaga kowace tana duba idonta, tana buɗe bakinta, tana shinshina ta, ta ware waɗanda suka fi kowa kuzari da sheƙi, aka sa a kwanduna biyu aka rufe da tsohon gidan sauro. Da ta zo kan Magajiya sai ta dube ni.

“Taki ce. Ke za ki ce.”

“Idan ta tafi yaushe za ta dawo?”

“Ruwa na sauka.”

“Kaka Ƙarama ba za ta yanka ta ba?”

“Wa zai iya yanka wannan? Sai dai ita ta yanka mutum.”

Na ce a kai ta Bawku, ta je ta ga garin kakanninta. Har tasha na raka ta ina yi mata huɗuba ta cikin kwando, cewa ta riƙa gaida mutane, kada ta ba mu kunya, kada ta kula zakarun Bawku don 'yan fasa-ƙwauri ne. Ta sare ni a yatsa ta cikin gidan sauron. Na dawo gida ina tsalle, ina gaya wa duk wanda na gamu da shi cewa kazata ta tafi ƙasar waje.

Waɗanda suka rage a gida ba su daɗe ba. Kullum da safe Mamata tana fita da ɗaya ko biyu riƙe a ƙafa, har ramin bayan gida ya ƙi karɓa aka haƙa wani. Zakaran nan malalaci shi ne na ƙarshe, ya mutu ba tare da ya taɓa yin cara a kan lokaci ba. Kaka ba ta yi kuka ba, ta ce ba komai, an saba, iri yana Yendi, iri yana Bawku. Ta sa aka share akurki aka zuba toka, aka bar shi a buɗe ya sha rana kafin masu shi su dawo.

Gwaggo ce ta fara kira. Baba Ƙarami ya sa wayar a amsa-kuwwa ya ajiye a kan tabarma, muna cin abincin rana.

“Mma, baƙin nan da kuka aiko sun fara sakin fiffike. Nawa ma sun kama. Jiya huɗu, yau ban ma ƙirga ba.”

“Lemo kika ba su?” in ji Baba Ƙarami.

“Wane lemo, Fuseini? Ni rabona da lemo tun azumi. Mma, ki dai ce wa Inna ta Bawku ta ajiye mini iri, nan kam ina ganin babu abin da zai rage.”

Kaka ta ce to, za ta faɗa. Ba ta kai ga faɗa ba. Bayan 'yan kwanaki Kaka Ƙarama ta kira da kanta, suka gaisa, suka tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, suka yi maganar ciwon gwiwa, sannan ta ce, “Yaya, bana iskar nan ta yi mana ɓarna, ko ɗaya ba ta bari ba. Baƙar nan ta yarinyarki ita ta fi daɗewa, har tsakiyar ɗakina ta shigo ta kwanta. Idan ruwa ya sauka ki sa Adiza ta aiko mini da iri.”

Muna ji tana cewa, Yaya, kina jina, Yaya, ko layin ne. Baba Ƙarami ya miƙa hannu a hankali ya kashe wayar, ya tashi ya fita, bai ko ɗauki babur ba. Ni kuwa Rediyo, a ranar batir ya ƙare.

Kaka ba ta ƙara zuwa tasha ba. Ta naɗe wuƙar a tsumma ta ba wata yarinya da take koya wa fira, ta bar mata tebur da tire. Ta ce tsamin da suka sha ne ya zauna musu a ciki suka tafi da shi, ta ce da hannunta ta yi ta ba su shekara da shekaru tana cewa iska. Babu wanda ya tambaye ta, to na Gwaggo da na Bawku da ba su sha ba fa? Ina jin kowa a gidan ya yi wa kansa wannan tambayar, kowa kuma ya haɗiye ta da tuwo.

Ana cikin haka Mamata ta je ɗauko tsohon turmi a bayan ɗakin girki, ta tarar da ƙwai a ƙarƙashinsa, 'yan kaɗan, a lulluɓe da ganyen darbejiya. Wata daga cikin kajin ta ɓoye su kafin ta mutu ko kafin a tafi da ita, ba mu san wacce ba, amma ni na yanke hukunci na Magajiya ne, babu kuma wanda ya yi mini musu. Babu sauran kaza mai kwanci a lungunmu gaba ɗaya, iskar ta bi gida-gida. Agwagwa kaɗai ta bari. Maƙwabciyarmu Mma Hawa, Bagwanjiya mai sayar da koko, tana da wata ƙatuwa da ta fara kwanci, sai na ɗauki ƙwan a ƙwarya na kai mata.

“Kawo shi,” in ji ta. “Agwagwa na ba ya ƙi ɗan kowa. Amma ka gaya wa Kaka, shi wawa ne, yana tafi wanka ya dawo ya zauna da ruwa. In ya lalace ba ruwana.”

Tun daga ranar na koma 'yar gadin agwagwa. Idan ta fito daga kwata na tare ta da tsumma ina goge mata ciki, tana huci tana cizona. Kaka tana yi kamar ba ta damu ba, amma duk dawowata sai ta ce, “Tana zaune?” In ce tana zaune. Ta ce, “To.”

A cikin kwanakin nan ne wani ma'aikacin lafiyar dabbobi ya zo makarantarmu ya yi mana bayani a kan mutuwar kajin da ta addabi gari. Ya ce ciwo ne mai yaɗuwa, daga kaza zuwa kaza, ta numfashi da kashi da kwando da takalmin mutum, kuma kaza tana iya ɗauke da shi kwanaki tana yawonta garau kafin ya nuna. Ya ce akwai rigakafi, ɗigo ne a ido, amma kafin sanyi ake yi. Na ɗaga hannu har na kusa faɗuwa daga benci, na tambaye shi lemo fa. Ya yi dariya ya ce lemo ba ya kashe kaza, in dai ba shi ne abincinta kaɗai ba, kuma ba ruɓaɓɓe ba ne. Kawai lokacinsu ne ya zo ɗaya da ciwon. Ban jira an tashi ba. Da gudu na iso gida, ɗankwalina a hannu, na tarar da Kaka a gindin darbejiya tana zaune hannu rabbana.

“Kaka! Ba lemo ba ne! Likitan dabbobi ya faɗa, wallahi ba ke ba ce! Ciwo ne, suna ɗauka a jikin juna, ko mai lafiya ma tana iya kai shi wani gida ba a sani ba!”

Ina faɗa ina haki ina murna, ina jiran ta ce a karɓo mata wuƙarta. Ta ɗago kai ta dube ni.

“Ko mai lafiya?”

“Ko mai lafiya, haka ya ce.”

“Ko wadda aka duba idonta.”

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa.

“Zauna, Rediyo,” in ji ta. Na zauna. “Da lemon ne, da gidana kaɗai na kashe.” Ta gyara zaninta a gwiwa. “Kada ki gaya wa Auta. Ya sani, amma kada ki gaya masa.”

Ruwa ya sauka a shekarar kamar kullum, ciyawa ta fito, aka yi bukukuwa, mutane suka je Yendi suka je Bawku suka dawo da tsarabar albasa da man kaɗe, ba wanda ya riƙo kwando. An yi cigiya. Ana samun fingi jefi-jefi a kasuwa, har Baba Ƙarami ya taɓa hawa babur ya je wani ƙauye ya sayo guda ya kawo, Kaka ta duba ƙafarta da ƙirjinta ta ce kyakkyawa ce, Allah ya yi albarka, amma ba ta san uwarta ba. Aka yanka ta da Sallah. Daga baya Babana ya sa aka rushe akurkin aka yi ɗakin haya a wurin, aka zuba siminti, aka sare reshen darbejiyar da ke taɓa kwano. 'Yan matan da aka haifa a dangi bayan nan, idan sun fara shara, alewa ake ba su. Gwaggo da Kaka Ƙarama da Kaka suna gaisawa a waya, su tambayi jikoki, su yi maganar gwiwa, sai kuma ka ji sun yi shiru, domin da can daga gwiwa kan kaji ake wucewa, yanzu babu inda za a wuce.

Na bar maganar ƙwan a baya, don ita ce ba na son bayarwa. Tun kafin ruwan ya sauka, wata safiya Mma Hawa ta leƙo ta katanga ta ce in zo da sauri. Sauran duk sun lalace, ɗaya har ya fashe ya cika mata gida da wari, amma guda ɗaya ya ƙyanƙyashe. Na kawo shi a tafin hannu, ɗan mitsitsi, yana rawar sanyi. Kaka ta ce a jira, ba a gane fingi sai gashin fiffike ya fito. Muka sa shi a kwali a ɗakinta, ita da kanta take daka masa gero, tana tsinto masa gara a jikin bango. Kullum da safe takan ɗauke shi ta fito bakin ƙofa inda haske yake, ta buɗe ɗan fiffiken da yatsa ta duba, ta mayar. Ni kuma ina tsaye a bayanta ina rantsuwa cewa na ga gashi ɗaya ya fara lanƙwasa.

Ranar da gashin ya gama fitowa, a kwance yake, sumul, kamar an shafa masa mai. Ga ɗan tsoro ja irin na zakara ya fara tsirowa a ka, namiji ne. Kaka ta shafa bayansa daga wuya zuwa wutsiya, ta sake shafawa ta ɗaya ɓangaren, daga wutsiya zuwa wuya, gashin ya tashi a birkice a ƙarƙashin yatsunta. Da ta ɗauke hannu sai ya koma ya kwanta.

Ta miƙo mini shi.

“Wannan ba namu ba ne,” in ji ta. “Ki dai ba shi ruwa.”